DIREBA MASHAYI DA ƘOFAR GIDA
Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 

Akwai wata tambaya wadda ta shafe mu duka, daga Wurogauri har Kalgo da Gwandu. In direba ya sha giya ya tuƙo mota, ya ga ma'aikata sun biyo shi, ya yi wuf ya faɗa gida, ya tsira ke nan? A'a, bai tsira ba. Laifin da aka yi bisa hanya, ƙofar gida ba ta shafe shi.

Dokar hanya ta hana mutum ya tuƙa mota ko babur alhali giya ko ƙwaya ta gusar masa da hankali. Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, ita da 'yan sanda ke tsaron wannan doka. Hanya kuwa, a wurin doka, ba titin Birnin Kebbi zuwa Jega kaɗai ba ne. Duk hanyar da jama'a ke da damar bi, ita ma hanya ce, ko da ta ratsa filin wani.

In kuwa a cikin gidansa ya motsa motar, bai fito waje ba, dokar hanya ba ta kai can ba. Amma in ya take yaro, ko ya buge maƙwabci, sai ya amsa laifin ganganci. In Musulmi ne kuma, shan giyar kansa laifi ne ko'ina aka yi shi, gama Jihar Kebbi ta ɗauki shari'ar Musulunci a 2000.

To, sai batun shiga gida, nan ne ake yawan kuskure. Sashe na 37 na Tsarin Mulki na 1999 ya tsare alfarmar gidan kowa. Alƙur'ani kuma, cikin Suratun Nur, ya yi umurni da neman izni, cikin Suratul Hujurat ya hana bin diddigin asirin mutane. Saboda haka ba a fasa gida don jita-jita. Amma ɗan sandan da ya ga laifi da idonsa, ya ga mai laifin ya shige, yana da iko ya tsaya zaure ya faɗi ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi, ya nemi a ba shi hanya. In an ƙi, sa'an nan ya shiga da ƙarfi. In gidan kulle ne, wajibi ne ya sanar da matan, ya ba su lokaci su kauce. Wannan ƙa'ida tana cikin dokar Jihar Arewa tun 1960, dokar tarayya ta 2015 kuma ta maimaita ta.

Ranku ya daɗe, zamanin 'yan doka na En'e ya wuce, tsare mai laifi yanzu aikin 'yan sanda ne. In talakawa sun kama shi sun kawo ƙofar hakimi, a hana dukansa, a miƙa shi ofishin 'yan sanda nan da nan, don maye ba ya jiran shaida, kafin gari ya waye ya sake shi. In ya gudu, kada a riƙe ubansa ko matarsa a madadinsa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana. Wanda aka kama kuma, lalle a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in akwai kotu a tsakanin kilomita 40.

Ku kuwa malamai, ku rubuta abu huɗu: lokaci, da lambar mota, da wurin da aka ga tana tafiya, da sunayen waɗanda suka gani. Na ukun nan shi ne gindin shari'a. In ba a rubuta shi ba, direba zai ce tun jiya motarsa ke ajiye, alƙali kuwa ba ya hukunci da zato.

Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya ja zamaninku. Haza wassalam.