Nunin Zanen Jaha: Jawabi ga Ƴan Kasuwa da Ma'aikatan Kelle



Tun shekarar 1959 aka kafa babban gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda aka raɗa wa sunan Bubu Hama a 2008. Gida ne mai daraja, babu mai musu. Amma tsakanin Damagaram da Yamai akwai kilomita kusan 900, kafin ma a lissafa hanyar Gure da ta Kelle. Ɗan makarantar da ke gindin duwatsun Kutus yana iya gama karatunsa bai taɓa tsayawa gaban aikin wani mai zane na ƙasarsa ba.

Alhali kuwa zane ba baƙo ba ne a wannan jaha. Wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya ga yadda magina suke fitar da dagi da sauran ado a fuskar soro, su shafe shi da makuba ko su cika shi da launi, har gida ya bayyana matsayin maigidansa tun daga ƙofa. Ga allon zayyana da ake ƙawata wa almajirin da ya sauke Alƙur'ani. Ga masu zanen allunan shaguna da bayan manyan motoci, waɗanda ƴan kasuwa ke biya kullum ba tare da sun ɗauke su masu fasaha ba. Wanda ke ƙyamar zane saboda hoton mai rai, to ya duba da kyau: mafi yawan wannan aiki layi ne da ƙulli da launi.

Abin takaici shi ne, sau da yawa a waje ake fara ganin darajarsa. A 1976 Bature David Heathcote ya shirya babban nunin fasahar Hausawa a birnin Landan, mutanen Ingila suka sha kallon kayan da jikokin masu su ba su taɓa gani a jere ba. A gida kuwa, damina tana cin bango, siminti yana rufe abin da ya rage. Ɗakin nunin da masu zanen Damagaram suka saba samu, wato cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wuta ta cinye shi a zanga-zangar watan Janairu na 2015. Ranar nan aka gane haɗarin rataya fasahar jaha guda a ƙusar baƙo.

An yi bikin 18 ga Disamba a Damagaram a 2006, aka sake a 2018. An yi gine-gine, an shafa fenti, baƙi sun watse. Biki kwana kaɗan ne. Ƙaramin gidan tarihi kuwa, irin na Doso ko Gidan Makama na Kano, aikinsa na kullum ne, kuma ba ya bukatar dukiya mai yawa: ɗaki mai rufi marar yoyo, bango mai tsabta, littafin da za a rubuta sunan mai zane da garinsu da shekarar aikin, da ma'aikaci guda wanda albashinsa ke zuwa kan lokaci. Wannan na ƙarshe ma shi ya fi wuya, ma'aikatan da ke zaune a nan sun sani.

Tun zaɓen 2004 ƙananan hukumomi suke da kasafin kansu, saboda haka ba sai an jira minista ba. Ƙaramar hukumar Kelle tana iya ware ajin makaranta lokacin hutu, nunin ya zo daga Damagaram, ya yada zango a Gure, ya iso ranar kasuwa. Ɗan kasuwar da motarsa ke komawa babu kaya ya ɗauki allunan. Wanda ya sayi zane ya biya mai shi hannu da hannu, a rubuta kuɗin a littafin nan, kowa ya gani.