Jawabi ga Hakimai da Magatakarda a kan Ƙwan Talotalo

Wannan jawabi ya shafi talotalo da ake kiwo a gidajen ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, cikin Masarautar Dutse, da abin da ya kamata talakawa su yi da ƙwanta. Mafi yawan masu wannan kiwo mata ne, hasarar kuwa da suke yi kowace shekara abar magancewa ce.

Asalin talotalo ƙasar Meziko ne. Mutanen Sifen suka kai ta Turai bayan shekarar 1500, daga bisani ta iso ƙasashen nan.

Yadda take saka ƙwai

Macen talotalo takan fara ƙwai tana da wata 7 ko 8. Ta gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta tsaya ta nemi kwanci, takan kuma yi haka sau biyu ko uku a shekara. Ƙwanta yana da ɗigo-ɗigo, ɓawonsa da kauri, nauyinsa wajen giram 80, watau kusan biyun ƙwan kazar gida. Kwancinta kwana 28 ne, na kaza kuwa 21. Toro ɗaya ya ishi mata biyar.

Babban aibinta shi ne ɓoyo. In ƙwai ya matsa mata, sai ta sulale cikin gona, ko gindin rumbu, ko tsakanin duwatsu, ta yi sheƙa. A can muzuru da tunku da guza da maciji suke shanye shi, uwar gida tana zaton tsuntsuwarta ba ta fara ba. Maganin wannan shi ne a tanada mata wuri mai duhu a cikin akurki, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. In an gano inda take zuwa, a riƙa kwashe ƙwan kullum ana barin ɗaya, gama in ta tarar da sheƙa wayam sai ta sake wuri.

Ban da dusa da tsaba, tana bukatar tunkuza ko gara, da ɗanyen ganye, da ruwa mai tsabta. A riƙa ba ta dakakken ƙonannen ƙashi, don in babu shi ɓawon ƙwai yakan yi laushi.

Amfanin ƙwan

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ga talotalo, sai a yi hattara da wannan magana. Ƙwan da aka soya, kuɗinsa kaɗan ne. Wanda aka ƙyanƙyashe ya rayu wata 6 ko 7 kuwa, ya zama tsuntsu mai tsada, tun ba a watan Disamba ba, lokacin da fatake suke neman talotalo domin bikin Kirsimeti. Saboda haka amfani na fari shi ne ƙyanƙyasa.

Ƙwan da za a sa a kwanci, kada a wanke shi. A ajiye shi wuri mai sanyi, kamar kusa da randa, tsininsa yana ƙasa, kada kuma ya wuce kwana 7, musamman da bazara. Ana iya sa wa kazar gida mai kwanci guda 6, talotalon kuwa a hana ta kwanci, ba da jimawa ba za ta koma ƙwai. A kwana na 10 a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Wanda aka ga jijiyoyi a cikinsa a mayar, wanda yake garau a fitar, kada ya zama baragurbi ya ɓata sauran.

Ƙwan da ya tsage, da wanda ya cika ƙanƙanta, da na macen da ba ta da toro, su ne na ci, amma tun suna sabbi. Ɗanɗanonsa kusan ɗaya ne da na kaza, yana kuwa gina jikin yara da masu ciki. Lalle a dafa shi ya nuna sarai.

Kiyaye 'yan tsaki

'Yan tsakin talotalo ba su jure sanyi da raɓa. A tsare su a busasshen wuri har su yi wata biyu, kada su bi uwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da damina. A raba makwancinsu da na garken kaji, gama kaji sukan ɗauki wata cutar hanta ba ta nuna a jikinsu, amma ta kashe talotalo. Cutar Newcastle, wadda takan share akurki da hunturu, tana da rigakafi, ana kuwa yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato.

Abin da ake roƙon Hakimai

Hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su karanta wa jama'a wannan bayani, su kuma tabbata ya shiga cikin gida wurin mata. Magatakarda su riƙa rubuta yawan ƙwan da aka sa a kwanci a kowane ƙauye, da wanda ya ƙyanƙyashe, da 'yan tsakin da suka rayu, don malamin dabbobi ya san inda hasara take. A bayyana wa mutane wannan lissafi ba na haraji ba ne. In aka ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da malamin dabbobi nan take, gama murar tsuntsaye da ta ɓulla a Nijeriya a 2006 takan zo da irin wannan alama.