Tantance Sabuntakar Zanen Layin Maikurosturif Kafin Neman Fatent



Gabatarwa

A allon cikin wayar hannu ko na'urar wai-fai akwai siraran layukan tagulla da ke kai sigina zuwa eriya. Ba a ja su da ka ba, an auna faɗinsu da tsawonsu ne. Irin wannan layi shi ake kira maikurosturif: tagulla a sama, allon da lantarki ba ya ratsawa a tsakiya, da shimfiɗar tagulla a ƙasa. Grieg da Engelmann na kamfanin ITT a Amurka ne suka gabatar da shi a 1952, kuma tun daga lokacin injiniyoyi ke lanƙwasa shi suna fitar da matatan sigina, marabar ƙarfi da eriya. Bayan fiye da shekara 70 ana wannan aiki, ta yaya za a gane cewa zanen da aka kawo yau sabo ne? Matsayin wannan takarda shi ne, bambancin hoto ba hujja ba ce. Sai an mayar da zane zuwa ma'aunansa na lantarki kafin a kwatanta shi da na baya.

Abin da doka ta ce

Sashe na 54 na Yarjejeniyar Fatent ta Turai ya ɗauki ƙirƙira a matsayin sabuwa idan ba ta cikin abin da jama'a suka samu damar sani kafin ranar shigar da takardar nema, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani. A Amurka sashe na 102 na dokar fatent ne ke wannan aiki. Kafin a rushe sabuntaka, dole takarda guda ɗaya ta baya ta ƙunshi duk sassan da mai nema ya lissafa a da'awarsa. Idan sai an haɗa takardu biyu, magana ta koma wani gwajin, wato ko ƙwararre a fannin zai iya kaiwa ga abin ba tare da wata hikima ba. Wannan shi ne sashe na 56 a Turai, na 103 a Amurka. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar KSR da Teleflex a 2007 ya ƙara tsaurara wannan gwaji ga masu haɗa sanannun abubuwa.

Inda ido ke ruɗuwa

Mu ɗauki allon FR-4 mai kaurin milimita 1.6. Layi mai om 50 a kansa yana da faɗin kusan milimita 3. A kan allon alumina mai kaurin milimita 0.635, layin om 50 ɗin bai wuce kusan milimita 0.6 ba. Ido zai ga abu biyu, amma ga sigina abu ɗaya ne, kuma lissafin Wheeler na 1965 da na Hammerstad na 1975 sun daɗe da nuna yadda ake fitar da faɗin. Haka tsawo: rubu'in zangon igiya a gigahaz 2.4 a kan FR-4 kusan milimita 17 ne, a gigahaz 5 kuwa ya koma kusan 8.

Marabar ƙarfi ta Wilkinson, wadda aka wallafa a 1960, misali ce mai kyau. A tsarin om 50, layuka biyu ne masu om 70.7, kowanne rubu'in zango, da rizista mai om 100 a tsakanin bakunansu. Ɗalibi zai iya naɗe layukan su yi zobe ko su yi tafiyar maciji don rage fili, ya sauya allo, ya matsar da firikwensi. Hoton ya canza, amma an canza wa tuwo suna ne kawai. Ko da sabon adadin milimita ya tsallake gwajin farko, da wuya ya tsallake na biyu.

A gwada wannan da mahaɗin Lange na 1969. An san layuka biyu masu kusantar juna tun kafin shi, amma a raba sigina gida biyu daidai da su a kan alumina yana buƙatar rata mai ƙanƙantar da ba a iya sassaƙawa. Lange ya tsaga layukan zuwa yatsu masu shiga juna, ya haɗa su da siraran wayoyi ta sama. Tsarin ne ya sauya, kuma ya warware matsalar da awo kaɗai ya kasa.

Hanyar tantancewa

Da farko a warware da'awar sashe-sashe. Na biyu, a mayar da kowane layi zuwa om da rabon zango, a ajiye milimita gefe. Na uku, a bincika rukunin H01P na rabe-raben fatent na duniya, musamman H01P 3/08 na layukan da H01P 1/203 na matatai, da H01Q na eriya, a rumbunan binciken fatent na Espacenet da Patentscope. Na huɗu, kada a tsaya ga fatent, domin yawancin ilimin fannin yana cikin mujallun IEEE, kundayen digiri da takardun bayanin kaya na kamfanoni. A tuna kuma cewa takardar nema kan ɓoyu wata 18 kafin a wallafa ta. Na ƙarshe, idan an sami bambancin tsari, a nuna amfaninsa da awon ɗakin gwaji, ba da kwaikwayon kwamfuta kaɗai ba.

Abin da ya shafe mu

Dokar fatent ta Nijeriya ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken sabuntaka ba. Yana duba cikar takardu ne, ya bayar da fatent bisa alhakin mai nema. Don haka takardar da ke hannu ba shaida ba ce cewa zanen sabo ne, kotu na iya soke ta. A Nijar kuwa ana nema ne ta ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Wani tarkon shi ne gaggawar wallafawa don ƙarin girma. Amurka na ba mai ƙirƙira rangwamen shekara ɗaya bayan ya bayyana aikinsa, amma a Turai maƙalar da mutum ya gabatar da kansa a taro tana iya kashe masa fatent.

Kammalawa

Ina kira ga sassan injiniyan lantarki na jami'o'inmu da su sa binciken fatent cikin aikin kowane kundi, injiniya da lauya su zauna tare tun kafin a rubuta da'awa. A shigar da takardar nema tukuna, sannan a fito taro, domin Yarjejeniyar Faris ta ba da wata 12 daga ranar shigarwa a nemi kariya a wasu ƙasashe.