Karatu Daga Nesa da Karatu Gaba da Gaba: Darasin Annobar Korona a Birnin Kano



A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantu saboda annobar korona. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar cutar ta shigo Kano, aka kuma hana fita. Ga yajin aikin ƙungiyar ASUU, wanda bai ƙare ba sai Disamba. Saboda haka ɗaliban Jami'ar Bayero ba su koma aji ba sai Janairun 2021.

A wancan lokaci jami'o'in Ingila da Amurka sun mayar da darussansu kan intanet. To, amma ɗalibin da ke zaune a Yakasai ko Madabo fa? Sau da yawa wayarsa ita ce kwamfutarsa, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuɗin data daga aljihunsa ne, ɗakin kwanansa kuwa cike yake da ƙanne. Malamin da ya ce kowa ya halarci lacca ta bidiyo da ƙarfe goma, ya rufe wa irin wannan ɗalibi ƙofa bai sani ba.

Maganin abin shi ne malami da ɗalibai su zauna tare su rarraba darasi gida biyu. Abin da ake saurara a maimaita, kamar karin sauti da tsawon wasali, a ɗauki murya a aika ta WhatsApp. Data kaɗan take ci, ɗalibi kuma ya saurara sa'ad da ya sami wuta. Abin da ke bukatar gyara nan take, wato muhawara da nazarin waƙa da jarrabawa, a bar shi ga aji, a ƙananan rukunoni.

Wannan ba baƙon abu ba ne a birni. A makarantun zaure almajiri yakan yi bitarsa shi kaɗai, sa'an nan ya zo gaban malam ya biya, a gyara masa. Tafsirin azumi kuma an daɗe ana saurarensa ta rediyo.

Ku ma'aikata, naku shi ne samar da wuta da intanet mai araha, da tanadin tsari tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ɗalibai kuwa, idan aka nemi shawararku ku faɗi gaskiyar halin da kuke ciki, don da ita za a gina tsarin.

Allah ya kiyashe mu da annoba.