Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Layin Waya Ga Mai Zuwa Guangzhou

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, mai sana'ar saye da gyaran waya a Ikeja, ya gabatar a taron ƙarshen wata. Mun buga shi ne bisa roƙon waɗanda ba su sami halarta ba.)



Shugaba ya umarce ni da in yi bayani a kan wata matsala da ke damun 'yan kasuwarmu masu fita waje saro kaya, musamman masu zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin su yi kwana biyar ko mako guda su juyo. Matsalar kuwa ita ce, mutum zai sauka lafiya, amma wayarsa ta ƙi aiki. Iyali a nan Ikko hankali ya tashi, wanda zai tarye shi a can bai san inda yake ba, ga kuɗin kaya a banki amma ba halin turawa. To, abin da nake so kowa ya riƙe daga jawabin nan guda ɗaya ne: shirin waya a gida ake gama shi, tun kafin a doshi filin jirgin Murtala Muhammed. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattawan da ke nan sun san lokacin da sai a ba direban babbar mota wasiƙa ya kai Kano, a yi mako biyu ana jiran amsa. Wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan ne a watan Agusta na shekarar 2001. Yau kuwa ciniki, da biyan kuɗi, da hoton samfurin kaya, da neman hanya, duk sun koma cikinta. Saboda haka ɗan kasuwar da ya yi kwana biyu ba data a ƙasar da bai iya harshenta ba, ya yi asarar kusan rabin tafiyarsa.

Bari in fara da abin da masu waya ke kira romin, domin a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Kowa a nan ya san tsarin fatoma a kara. Baƙo ya zo da dabbobinsa, ya sauka gidan mai gida, a ba shi masauki, a sayar masa, a cire la'ada. To, haka layinka yake idan ka fita da shi. Kamfaninka na Nijeriya ba shi da turken sadarwa ko ɗaya a ƙasar Sin, don haka sai layin naka ya sauka a hannun wani kamfani na can, ko China Mobile, ko China Unicom, ko China Telecom. Shi mai masaukin zai rubuta wa kamfaninka kuɗinsa, kamfaninka kuma ya ɗora nasa a kai, ya cire a jikinka. La'ada biyu ke nan. Shi ya sa katin da zai kai ka mako guda a Agege, a can yana iya ƙarewa kafin ka fito daga filin jirgin Baiyun. Kuma fa ko ba ka taɓa wayar ba tana ci, domin hotuna da bidiyon da suka taru a zaurukan WhatsApp za su fara sauka da kansu, manhajoji kuma su fara sabunta kansu. Sannan a romin, ko kai aka kira ka ɗauka, akwai abin da za ka biya.

Wani zai ce, to ai sai in cire layin Nijeriya in bar shi a gida, in na isa in sayi na can. Wannan shawara tana da kyau ga mai zuwa Kwatano ko Ankara, amma a ƙasar Sin akwai gyara a cikinta, gyara biyu ma kuwa.

Na farko, layinka na gida shi ne makullin bankinka. Lambar nan ta tabbatarwa da banki ke turowa ta tes kafin kuɗi su fita, kan wannan layi take zuwa. Ka bar shi a cikin durowa a Mile 12, ka bar makullin shagonka ke nan. A galibin kamfanoni karɓar tes a waje ba a biyan komai, don haka layin yana iya zama cikin waya yana karɓar saƙo ba tare da ya ci maka kuɗi ba, muddin ka kashe masa data.

Na biyu, intanet ɗin ƙasar Sin yana da shinge. An toshe Facebook tun 2009, kayan Google irin su Gmail da taswira da rumbun sauke manhajoji sun daina aiki tun 2014, WhatsApp kuma tun 2017. Wanda ya sayi layin can, ko ya hau waifai na otal, yana cikin wannan shinge ne. Zai ga alamar sabis ta cika fal, amma saƙonsa na WhatsApp ba zai tafi ba. Sai ya ɗauka waya ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Abin mamaki a nan shi ne, layin baƙo mai romin yawanci wannan shinge bai shafe shi ba. Dalili kuwa, ana mayar da datarsa ne zuwa kamfanin da ya ba da layin, daga can take fita duniya. Wato jikinka yana Guangzhou, amma ƙofar da kake bi ka shiga intanet tana wata ƙasa. Kun ga ke nan mai tsadar shi ne ke buɗe ƙofa, mai arahar kuma yana cikin shinge. To, ina mafita?

Mafita ita ce a raba aiki gida biyu. Layin gida ya riƙe tes da saƙon banki. Data kuma a nemo mata hanya ta daban. Hanyoyin guda uku ne, kowa sai ya duba aljihunsa da irin wayarsa.

Hanya ta farko ita ce sayen ƙunshin datar romin daga kamfaninka na nan gida kafin ka tashi. Ka kira 300, wadda ita ce lambar kula da abokan hulɗa ta duk kamfanoni tun da hukumar NCC ta daidaita lambobi a 2023, ko ka je ofishinsu da ƙafarka. Tambayoyi uku za ka yi: shin layina a buɗe yake ga romin? Akwai ƙunshin da ya haɗa da ƙasar Sin, kuma kwana nawa yake yi? Idan ya ƙare, yankewa zai yi ko zai koma cin katina? Tambaya ta ukun nan ita ce mai muhimmanci, kada a manta da ita.

Hanya ta biyu ita ce sim marar kati, wanda ake kira i-sim. Shi wannan ba a sa shi da hannu. Ana sayensa ne ta intanet, a turo maka wani zane mai kusurwa huɗu, ka haska shi da kyamarar wayarka, shi ke nan layi ya shiga. Akwai kamfanoni da ke sayar da irinsa don matafiya kawai, na mako guda ko na wata guda, kuma tun da shi ma romin yake yi daga wata ƙasa, yawanci WhatsApp da Gmail suna aiki da shi. Sai dai ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. iPhone ta fara ɗauka daga XS da XR na shekarar 2018, manyan wayoyin Samsung da dama ma suna ɗauka, amma yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun jama'armu ba su da shi. Haka nan iPhone ɗin da aka ƙera don kasuwar ƙasar Sin, galibinsu kati biyu suke ci, ba su da wannan. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna *#06#, idan ka ga wata doguwar lamba da aka rubuta EID a gefenta, to wayarka tana ɗauka. Masu wayar tokumbo kuma su kula, akwai waɗanda suka zo a kulle da sunan wani kamfani na Amurka, ba sa karɓar baƙon layi. A kai wa mai gyara ya duba. Sannan da katin banki ake biyan kuɗin i-sim, da kuɗin waje. Bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje daga 2022, wasu suka dawo da shi a 2025, don haka ka gwada naka tun kana gida. Kuma a gida za ka sa shi cikin waya, inda kake da intanet mai kyau, sai ka sauka can ka kunna.

Hanya ta uku ita ce sayen layin can da fasfo, a filin jirgi ko a ofishin kamfani. Amfaninsa shi ne ka sami lambar ƙasar, mai farawa da +86, wadda direba ko mai kawo kaya zai kira ka a kai cikin sauƙi. Wanda ke zuwa sau uku ko huɗu a shekara, wannan zai yi masa amfani. Amma mai kwana biyar, ni dai a ganina, ɗaya daga cikin biyun farko ta ishe shi. Masu cewa za su sa manhajar VPN su tsallake shinge, ina jan hankalinsu: dokar ƙasar ta taƙaita amfani da irin waɗannan, kuma yau su yi aiki gobe su ƙi. Baƙo ba ya ɗora dukiyarsa a kan abin da ba shi da tabbas.

Yanzu sai abin da za a sauke cikin waya kafin tafiya. Mutanen Sin da WeChat suke magana, da shi da Alipay suke biyan kuɗi, tun daga mai shayi har mai masana'anta. Daga 2023 duka biyun sun ba baƙi damar haɗa katin bankin waje. A buɗe su tun a nan, domin sabon mai rajistar WeChat wani lokaci sai wanda ya daɗe yana amfani da shi ya tabbatar da shi, kuma a cikinmu akwai masu shi. A sauke taswirar Amap, domin ta Google ba abin dogaro ba ce a can. A sauke harshen Sinanci cikin manhajar fassara yadda za ta yi aiki ko babu data. A ɗauki hoton adireshin otal da rubutun Sinanci, domin direban tasi ba lalle ya karanta boko ba. Ko Xiaobei ka nufa, ko Sanyuanli, ko filin baje koli na Pazhou, ka sa a rubuta maka da rubutunsu. Shi wannan baje koli na Canton, da ake yi tun 1957, sau biyu yake ci a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma daga tsakiyar Oktoba. Lokacin ne gari ke cika, layin sayen sim a filin jirgi ya yi tsawo, wanda ya shirya daga gida ya wuce abinsa.

Game da WhatsApp, a kwantar da hankali. Lambarka ta Nijeriya tana nan a kansa ko da wane layi ne ke ba ka data. Abin da ban yarda a yi ba shi ne goge shi a sake saukewa a can, ko danna wurin canza lamba. Kuma a sa masa lambar sirri mai lamba shida tun a gida. Ɓarayin zamani sun fi son mutumin da aka san ya yi tafiya kuma ba a samunsa. Sai su kwace asusunsa, ko su buɗe wani da hotonsa, su rubuta wa ƙaninsa ko yaron shagonsa cewa kaya sun maƙale, a turo kuɗi maza-maza. Don haka ka bar wa iyali doka: ba a tura ko kwabo sai an ji muryarka. Duk wanda kuma ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes, ko da sunan wa ya zo, kada ka ba shi.

Data nawa za ta isa? Ƙiyasina, mai aika saƙo da hoton kaya da duba taswira, giga 3 zuwa 5 za su kai shi mako guda, in dai ya kashe saukar bidiyo ta kai tsaye, ya kuma rage kiran bidiyo. Wanda zai riƙa zagaya kasuwa yana nuna wa abokan ciniki kaya ta kyamara, sai ya ninka.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa. Ƙasar Sin tana gaba da mu da awa 7. Ƙarfe 8 na dare a Guangzhou, ƙarfe 1 na rana ne a nan, sai a tsayar da lokacin gaisawa da gida tun kafin a rabu. Kan cajarmu mai ƙafa uku ba lalle ya shiga soket ɗinsu ba, a sayi adafta a nan Ikeja. Fawa bank a jakar hannu ake riƙe shi, kuma daga watan Yuni na 2025 ba a barin wanda ba shi da tambarin CCC ya hau jirgin cikin gida a ƙasar Sin, masu wucewa Yiwu ta jirgi sai su lura. Masu yada zango a Dubai su sani cewa saƙon WhatsApp yana tafiya a can, amma kiran murya da na bidiyo a toshe suke. A ƙarshe, a rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba, lambar mai masauki, da ta gida da +234 a gabanta, da ta ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Guangzhou. Lambar 'yan sandansu 110 ce, ta motar asibiti 120. Waya tana faɗuwa, caji yana ƙarewa, takarda kuwa tana aljihu.

Ina roƙon shugaba, in zai yiwu, ƙungiya ta ware mutum biyu ko uku cikin matasanmu masu sana'ar waya, duk ɗan'uwan da zai fita ya zo su zauna da shi na rabin awa, mako guda kafin tafiya, a duba wayarsa, a gwada katinsa, a sa masa abin da ya kamata. Mu da muka zauna a ƙasar wasu mun fi kowa sanin cewa baƙo da ɗan gari yake gani. Ni dai na ba da sunana a farko.

 Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.