WA YA LALATA AKWATIN TALABIJIN?

'Yan'uwa matasa, kun sha jin iyayenku suna yabon talabijin ɗin da, suna kushe na yanzu. In aka tambayi laifin wa, sai a ce na 'yan fim ne. To, wannan lissafi daga tsakiya aka fara shi.

Talabijin ya fara aiki a Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashin NTA. A lokacin tasha ce ke ɗaukar nauyin wasa, ta ba marubuci lokaci, ta biya 'yan wasa. Shi ya sa aka samu Samanja na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Karkuzu daga Jos. A 1980 aka fara Cock Crow at Dawn, bankin UBA ya biya kuɗin, labarin magidanci ne da ya bar birni ya koma gona. Ku duba fa, a shekarun nan ne shirin noma na Bankin Duniya da aka fara a 1975 yake aiki a nan ƙasar Funtua da Malumfashi. Wato manomin auduga yana iya ganin irinsa a akwati. Ba wai gwamnatin ta Allah ba ce, a'a, labaran ƙarfe tara nata ne, yabon kanta take yi. Amma dai wasan an gina shi.

Sai 1986 Babangida ya kawo SAP. Naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada, aka ce wa tashoshin gwamnati kowa ya nemi abin da zai ci. A 1992 kuma aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu. Daga nan lokaci ya zama haja, ana auna shi kamar masara a kasuwar Dandume. Wa ke da kuɗin saye? Ɗan siyasa da mai tallar magani. Sauran sa'o'in kuma sai a cike da fim ɗin Indiya, don ya fi sauƙi a kan tara mutum ashirin a rubuta sabon labari. Wannan shi ne babban mai laifi, wanda ya janye hannu ya bar tasha a bakin kasuwa.

'Yan wasa sai suka koma kaset, tun daga Turmin Danya a Kano a 1990. Can ma wani ubangida suka tarar, dilolin Ƙofar Wambai, waɗanda in babu rawa da waƙa ba sa son saye.

Yanzu bari in zo kanmu, kada ku ce na kauce. Wa ke cika gidan kallo daga la'asar har a kashe janareta? Wa ke kai waya shago a tura masa fim ashirin, alhali ko sisi ba ya isa hannun wanda ya yi shi? Mai fim ya gane haka, sai ya koma YouTube, inda yawan kallo ke kawo kuɗi. Shi ya sa labarin wata uku ake jan sa shekara biyu, a yi ta kishi da saki, don an gwada an ga nan kuke dannawa. Ya ku manoma, yaushe rabon ku da ganin wasa a kan farashin taki, ko a kan wanda 'yan bindiga suka hana zuwa gonarsa a Faskari?

Masu tambaya sai su matso gaba.