Ɗa Ɗaya Na Shaye-shaye, Gida Duka Na Jinya



Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Kowannensu daga wani gida ya fito, kuma a can ake shan raɗaɗin.

Uwa za ta sayar da 'yan kunnenta ta biya bashin da auta ya ciwo, ta ɓoye wa sauran 'ya'yanta. Babban yaya ya turo kuɗin maganin hawan jinin Baba, ya tarar an yi belin ƙanensa da su. In ya yi magana, a ce ba ya ƙaunar ɗan'uwansa. In ya haɗiye, sai ya rage zuwa gaisuwa.

Iyaye, 'ya'yan da suka shiryu ma suna buƙatar ku saurare su. Yayye, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku zauna tare, ku daina damƙa wa mai shaye-shayen kuɗi, ku kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ko cibiyar gyaran hali ta NDLEA.

Allah ya shirya mana zuri'a.